Yadda mutum-mutumi ke koyon aiki, da abin da ya rage kafin ya kamo basirar ɗan Adam

Wani ɗalibi a Jami'ar André Salifou, mazaunin Zango, ya aiko mini da tambaya bayan ya kalli bidiyoyin mutum-mutumi suna rawa, suna gudu, suna ninke tufafi. Ya ce ta yaya ƙarfe da wayoyi ke koyon abu, kuma shin gaskiya ne nan da ƴan shekaru za a sami na'urar da basirarta ta kai ta mutum a kowane fanni, wato abin da ake kira AGI?

Ƙanena, amsar a dunƙule ita ce: mutum-mutumi na koyo ta hanyar maimaici mai yawan gaske, kuma abin da ya koya yakan yi aiki ne a wurin da ya yi kama da inda ya koye shi. Nisan da ke tsakaninmu da AGI ana auna shi da yadda waɗannan abubuwa biyu ke raguwa, wato yawan maimaicin da ake buƙata da kuma ruɗewa a baƙon wuri. Suna raguwa kuwa, amma da sauran rina a kaba.

Ka fara sanin cewa mafi yawan mutum-mutumin da ke aiki yau ba sa koyon komai. Na farkonsu a masana'anta, Unimate, ya kama aiki a 1961 a wata masana'antar General Motors da ke jihar New Jersey ta Amurka, yana ɗauke ƙarfe mai zafi daga injin zubi. Yau irinsa sun haura miliyan 4 a masana'antun duniya, kuma fiye da rabin sababbin da ake kafawa a shekara a ƙasar Sin ake kafa su. Injiniya ne ke tsara wa yawancinsu kowane motsi: miƙa hannu santimita kaza, juya kaza, damƙe, saki. Suna da sauri, ba sa gajiya, amma in aka gusar da abin da za su ɗauka kaɗan daga inda ya saba zama, da yawansu iska za su damƙa. Ba su ne kake tambaya a kai ba.

Wanda ke koyo, a cikin kwamfutarsa akwai wani dogon lissafi da ake kira ragar jijiyoyi, saboda an ɗan kwaikwayi yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke miƙa wa juna saƙo. Hoton da kyamara ta ɗauka yana shiga a matsayin lambobi. Umarnin da za a bai wa gaɓoɓi shi ma lambobi ne yake fitowa. A tsakani akwai miliyoyin wasu lambobi da ake iya ƙarawa ko ragewa. Da farko ba su da kan gado, amsar da ke fitowa shirme ce. Sai a nuna misali, ragar ta ba da amsa, a auna girman kuskurenta, a ɗan gyara kowace lamba ta wajen da kuskuren zai ragu. A sake da wani misali. A yi haka sau miliyoyi. Koyon ke nan gaba ɗaya. Babu wanda ya rubuta mata cewa kofi yana da mariƙi, kuma in ka buɗe ta ba za ka ga inda aka ajiye sanin kofi ba, ya watsu cikin lambobin.

Dabarar tsohuwa ce, amma a 2012 ta nuna ƙarfinta a fili. Ɗaliban Geoffrey Hinton na Jami'ar Toronto a Kanada suka horar da wata raga da hotuna miliyan 1.2, suka shiga gasar gane abin da ke cikin hoto. Kuskurensu ya tsaya a kusan kashi 15 cikin 100, na wanda ya bi musu kashi 26. Daga nan ne na'ura ta fara gani da kyau.

Gani daban, aiki daban. Hanya mafi sauƙin fahimta ta koya wa na'ura aiki ita ce a yi tana gani. Tun wajajen 1990 Dean Pomerleau na Jami'ar Carnegie Mellon ya yi haka da mota: mutum na tuƙi, kyamara na ɗaukar hanya, kwamfuta na adana yadda ya murɗa sitiyari a kowane hoto, daga baya ta kwaikwaye shi. Da ɗalibaina mun haɗa ƙaramar irin wannan, ƴar mota da ba ta wuce tsawon takalmi ba, da kyamara a goshi. Suka manna baƙin tef a daɓen aji, suka yi ta tuƙa ta da waya tana ɗaukar hotuna, sannan muka horar da ragar. A cikin aji ta bi layin tsaf, har kwana tana sha. Da muka fitar da ita tsakar gida da hantsi, muka shimfiɗa layin a ƙasa, ta yi ɗan nisa sai ta saki tef ɗin ta kama bin gefen inuwar wata bishiyar dogon yaro, har ta je ta dungure a saiwarta. Ita ba tef ta koya ba. Abin da ta koya shi ne bin iyakar da ke tsakanin duhu da haske, domin a aji su biyun abu ɗaya ne. Hasken ranar Damagaram da launin rairayi ba su cikin hotunan da ta gani. Wannan ƴar mota ta nuna matsalar da manyan kamfanoni ke kashe biliyoyi a kanta.

Akwai kuma wata matsala a kwaikwayo. Gwani ba ya kuskure sosai, saboda haka na'urar ba ta taɓa ganin yadda ake dawowa daga kuskure ba. Da ta kauce kaɗan sai ta tsinci kanta a yanayin da ba ta sani ba, ta ƙara kaucewa, kuskure ya hau kan kuskure. Pomerleau ya magance wannan ne ta hanyar gusar da hotunan hagu da dama, don motar ta ga kanta a gefen hanya ta koyi komawa tsakiya.

Yanzu da hannu ake yin irin wannan. Mutum ya riƙe wasu ƙananan hannayen ƙarfe yana motsa su, na mutum-mutumin na bin motsinsa, ana adana komai. Google ta tara misalai kusan 130,000 ta irin wannan hanya da mutum-mutumi 13 cikin wata 17, don tsarin da ta fitar a ƙarshen 2022 mai suna RT-1. Ayyukan kuwa ba su wuce ɗauko gwangwani, buɗe aljihun tebur, ajiye abu a ciki ba. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun rage adadin da tsarinsu ALOHA, inda misalai wajen 50 ke isa ga aiki guda. Ci gaba ne babba, amma ka lura, 50 ga kowane aiki ɗaya, a kan tebur ɗaya.

Sai koyo ta gwaji da lada. A nan ba a nuna wa na'ura yadda ake yi, ana faɗa mata abin da ake so ne ta hanyar maki. Ta gwada, in ta matsa kusa da manufa maki ya ƙaru, in ta yi nisa ya ragu. Richard Sutton da Andrew Barto ne suka aza harsashin wannan fanni tun shekarun 1980, an kuma ba su lambar yabo ta Turing ta 2024, babbar lambar yabo ta kimiyyar kwamfuta, a kansa. Da taimakon wannan dabara tsarin kwamfuta AlphaGo na kamfanin DeepMind ya doke Lee Sedol, gwanin wasan allo na Go, ci 4 da 1 a birnin Seoul a watan Maris 2016. Shekara guda bayan haka wani sabon samfurinsa, wanda bai kalli wasan mutum ko ɗaya ba, ya buga wasa kusan miliyan 4.9 da kansa cikin kwana 3, ya lallasa na farkon 100 da babu.

Amma wasan allo ba ya karyewa, kuma ana iya buga shi da saurin lantarki. Hannun ƙarfe yana motsi ne da saurin duniya, yana zafi, yana lalacewa, in ya yar da kofi sai wani ya zo ya share. A 2016 Google ta jera hannaye har 14 suna gwada ɗaukar tarkace daga cikin tire, wata biyu, gwaji sama da 800,000, don su koyi damƙa kawai.

Wani abin da nake so ka riƙe da kyau a nan shi ne, na'ura tana bin makin da ka tsara ne, ba niyyar da ke zuciyarka ba. A 2016 kamfanin OpenAI ya horar da wata raga a wasan tseren kwale-kwale na kwamfuta. An ba ta maki kan bugun wasu alamomi da ke kan hanyar tsere. Sai ta gano wani lungu inda alamomin ke sake bayyana bayan an buge su. Ta tsaya nan tana zagaye, tana karo da bango, wuta na kama kwale-kwalen, ba ta damu da gama tseren ba, kuma makinta ya fi na mutanen da suka yi tseren yadda ya kamata. Ba ta yi tawaye ba, ta yi daidai abin da aka auna. Wannan ne tushen damuwar masana da ke maganar haɗarin ƙirƙirarriyar basira, kuma damuwa ce ta gaskiya: gwargwadon ƙarfin na'ura, gwargwadon tsadar kuskuren da aka yi wajen faɗa mata abin da ake so.

Don a kauce wa jinkiri da ɓarna, sai aka koma gina duniyar kwaikwayo a cikin kwamfuta, mai nauyi da santsi da karo irin na gaske. A 2021 masu bincike a jami'ar ETH ta birnin Zurich a Suwizalan suka saka kwafi kusan 4,000 na wani mutum-mutumi mai ƙafa huɗu a kwamfuta ɗaya, duk suna faɗuwa suna tashi a lokaci guda. Cikin minti kusan 20 ragar ta iya tafiya a kan turba mai gargada, aka ɗora ta a kan na gaske ya tafi. Yawancin rawa da gudun da kake gani a bidiyo haka aka koye su. Don kada ragar ta saba da duniyar ƙarya, ana ta canza nauyi da santsi da haske a lokacin horo, har ta ɗauki duniyar gaske a matsayin wani sauyin kawai. Da wannan OpenAI ta sa hannun ƙarfe ya juya akwatin wasan Rubik, wanda ake juya ɓangarorinsa har launukansa su daidaita, a 2019, bayan horon da in aka lissafa shi da lokacin mutum ya kai shekara kusan 13,000. Duk da haka, a cakuɗa mafi wuya sau 2 cikin 10 kawai ya yi nasara, kuma wane gefe za a juya wani tsohon lissafi ne ke faɗa masa, motsin yatsu kaɗai ya koya.

Wannan ya bayyana dalilin da ya sa ƙafa ta riga hannu. Ƙafa na taka ƙasa mai tauri, lissafin hakan sananne ne. Hannu kuwa yana hulɗa da fata, da zane, da igiya, da ƙullu, abubuwan da ke sauya siffa da zarar an taɓa su, kuma kwaikwayonsu a kwamfuta na da matuƙar wuya. Hans Moravec ya lura da haka tun 1988: abin da muke ganin sai mai ilimi, kamar wasan dara ko lissafi, yana da sauƙi ga kwamfuta, abin da yaro ɗan shekara ɗaya ke yi da ido da hannu shi ne mai wuya. Injin wasan chess mai suna Deep Blue ya doke zakaran duniya Garry Kasparov a 1997, amma mutum ne ke matsar masa da ƴaƴan wasan a kan allo.

Akwai wani gwaji da Roland Johansson ya yi a Jami'ar Umea ta Suwidin wanda nake nuna wa ɗalibai. Wata mata ta ɗauki ashana ta ƙyasta cikin ƴan daƙiƙu. Sai aka yi mata allurar kashe ji a kan yatsu. Idonta lafiya, ƙarfin hannunta lafiya. Ta kai hannu, tsinken ya kuɓuce. Ta sake, ta ɗauko shi a karkace, ta yi ta ƙoƙarin juya shi tsakanin yatsu, ta ɗauki lokaci ninki-ninki kafin wuta ta kama. A tafin hannu da yatsun mutum akwai jijiyoyin jin taɓi kusan 17,000. Yawancin mutum-mutumin yau suna aiki ne a yanayin matar nan bayan allura.

Sabon abin da ya tayar da maganar AGI shi ne manyan tsarukan harshe, wato ragar da aka horar da rubutu har tana amsa tambaya da rubutu, irin su ChatGPT. A 2017 masu bincike a Google suka fito da wani fasalin raga da ke iya cin rubutu mai ɗimbin yawa, ChatGPT kuma ya fito a ƙarshen Nuwamba 2022. Sai aka ce, me zai hana a haɗa wannan sanin da jiki? A 2023 Google ta nuna RT-2, wanda aka horar da rubutu da hotunan intanet tare da motsin hannu. Aka jera masa kayan wasa aka ce ya ɗauko dabbar da ta ƙare a duniya, ya ɗauko dainoso. Ba a taɓa koya masa wannan a ɗakin gwaji ba, daga karatu ya samo shi. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin ya nuna sanin da aka samu a wani wuri na iya amfani a wani wurin. Sai dai ya san abin da zai ɗauka ne, yadda ake ɗauka kuwa bai wuce motsin da aka riga aka nuna masa ba. Intanet cike take da rubutu, amma babu rumbun da aka adana yawan ƙarfin da yatsa ke sawa wajen ɓare gyaɗa. Wannan sai an tara shi ɗaya bayan ɗaya.

To, AGI. Masana ba su haɗu kan ma'ana ɗaya ba. OpenAI ta ce tsari ne mai cin gashin kansa da ya fi mutum a yawancin ayyukan da ake biyan kuɗi a kansu. François Chollet ya ce a'a, basira ba yawan abin da ka iya ba ce, saurin koyon sabon abu ne daga misalai kaɗan, ya kuma fitar da jarrabawa kan haka a 2019. Ni na fi karkata ga ma'ana ta biyu.

Ka dubi yaron da aka kai wa baduku a Birni. Ya ga maigidansa ya yanka fata ƴan lokuta, an ba shi wuƙa. Ya ɓata ɗaya, an yi masa faɗa, bai sake ɓata ta wannan hanyar ba. An kawo fatar da ta fi kauri, da kansa ya ƙara ƙarfi. An aike shi Kasuwar Dole ranar Alhamis sayo zare, ya ratsa jama'a da amalanke da kabu-kabu, ya gaisa, ya yi ciniki, ya dawo da canji. Koyon ɗinki bai sa ya manta yanka ba. In ya ga abin da bai gane ba sai ya tsaya ya tambaya. Duk wannan da ƙwaƙwalwar da ke cin wuta wat 20. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, a wajen na'ura, matsala ce da ake kan bincike. Ragar jijiyoyi in aka ci gaba da horar da ita kan sabon aiki takan goge tsohon. Takan kuma ba da amsar kuskure da irin tabbacin da take ba da ta daidai, kuma a ganina wannan ya fi komai haɗari ga abin da ke da hannu mai ƙarfi.

Masana sun rabu. Wasu na ganin tarihi ya nuna cewa ƙarin ƙarfin kwamfuta da hanyoyin koyo na gama-gari su ke cin nasara kan dabarun da mutum ya tsara da hannu, Sutton ya rubuta haka a 2019. Demis Hassabis na DeepMind ya ce a 2025 yana ganin za a kai ga AGI cikin shekara 5 zuwa 10. Yann LeCun kuma ya daɗe yana cewa tsarin harshe kaɗai ba zai kai ba, sai na'ura ta gina hoton yadda duniya ke aiki a cikinta, ta iya hasashen abin da zai faru in ta tura kofi zuwa bakin tebur. Ka kuma tuna cewa Herbert Simon, wanda ba ƙaramin masani ba ne, ya ce a 1965 cikin shekara 20 na'ura za ta iya duk aikin da mutum ke yi.

Ma'aunin da na fi amincewa da shi shi ne tarihin mota mai tuƙa kanta. A gasar da hukumar DARPA ta Amurka ta shirya a hamada a 2004, babu motar da ta wuce kilomita 12 cikin kusan 240. A 2005 motoci 5 suka kammala. Amma sai 2020 kamfanin Waymo ya buɗe wa jama'a motar haya babu direba, a wani yanki na birnin Phoenix da aka zana taswirarsa dalla-dalla. Shekara 16 a kan aiki ɗaya, da kuɗi masu yawa. Daga "ya yi sau ɗaya" zuwa "ana iya dogaro da shi kullum" nan ne tafiyar take. Ra'ayina shi ne na'ura za ta kamo mutum a ayyukan rubutu, lissafi da kwamfuta tun kafin ta kamo shi a aikin hannu, kuma wannan kaɗai ya isa ya girgiza ayyukan ofis, ko da ba a kira shi AGI ba. Maganar ko tana da rai ko tana ji a ranta kuwa, wata tambaya ce daban. Injiniya iya aiki yake aunawa, kuma iya aiki ba hujjar rai ba ce.

Idan ka sake ganin bidiyo, ka tambayi kanka ko an ƙara saurinsa, ko an yanke, ko akwai mutum a ɓoye yana sarrafa shi daga nesa, ko sau nawa aka gwada kafin a sami wanda aka nuna, ko kuma ɗakin sabo ne gare shi. Kamfanin da ke da gaskiya yakan faɗi kashi nawa cikin 100 yake nasara.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne, kusan duk misalan da ake horar da waɗannan na'urori daga ɗakunan gwaji da gidaje da titunan Amurka, Turai da gabashin Asiya suke. Ƙurar hunturu, zafin Afrilu da ke haura digiri 40, gonar gero, rijiyar lambu a Mirriya, ba su ciki, kuma ba wanda zai tara su in ba mu ba. Wannan aiki ne da ɗalibi irinka zai iya. Ka ƙarfafa lissafinka, musamman aljabara ta jerin lambobi da lissafin yiwuwa. Ka koyi Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta. Ka ƙara Turancin Ingilishi a kan Faransancinka, domin yawancin binciken da shi ake wallafawa. Manhajar kwaikwayo ta MuJoCo kyauta ce tun 2021, kuma ƙananan gwaje-gwajenta na tafiya a kan kwamfutar cinya ta yau da kullum. Ka fara da sandar da ake koya wa tsayawa a kan ƴar amalanke, in ta iya sai ka canza tsarin makin da gangan, ka rubuta abin da ta koma yi, ka kawo mini mu duba tare.